Ranar da San Baba Ya Zama Ango

Ina da ɗan shafi a intanet inda nake zuba sanarwar mutanenmu daga Ƙanƙara har Sabuwa: aure, suna, rasuwa, cigiya. Manhajar da nake aikin da ita, ko daga barci aka tashe ni na san inda zan danna. Fili ne fetal kamar masussuka, ka rubuta, ka liƙa hoto, ka saki.

Wata safiya a farkon damina na buɗe, na tarar masu ita sun sake mata fasali, ba sallama ba shawara. Kowane sakin layi ya shige akwatinsa, hoto ma da nasa. Ka taɓa wannan, wancan ya yi tsalle. Na nemi tsohon tsarin har gumina ya isa ban ruwan albasa, babu shi.

Ana haka ƙanin mahaifina ya iso daga 'Yargoje, ko zama bai yi ba. Sansa na huɗa ya tsinke igiya, ga ruwa ya sauka, ɗaya san kuma ba ya jan garma shi kaɗai.

"Ɗana, saka mani cigiya cikin na'urar nan taka, tun wani bai kai shi kasuwa ba."

"Baba, kwantar da hankalinka, yau duniya za ta san shi."

Ta kuwa san shi. Akwai sanarwar auren taubashina na Faskari da nake haɗawa, na ja hoto, akwatunan suka yi musaya ban lura ba. Sa ya fito da ƙahoninsa a ƙarƙashin "Ga angonmu." Taubashi kuwa, da babbar riga da hula, an rubuta masa: "Ya tsinke igiya, yana da tabo a cinya, yana harbi."

Kafin azahar wayata ta yi zafin da za a soya ƙwai a kanta. Shafin da ko matata ba ta leƙawa, sai ga shi a kowace waya. Ango ya kira.

"Kai, tsohon banza! Ni ka yi wa haka? Bari a zo sunan ɗanka."

Ya ɗauka tsiyar taubasai ce, na bar shi a haka.

Da la'asar wani dattijo ya bugo daga Damari, dariya na cinsa.

"Malam, angonku yana ɗaure bayan gidana, ya cinye mani harawa tas. Ku zo ku ɗauki abinku."

Baba ya zauna daɓas a kan tabarma, ya sauke numfashi, ya ce a kawo mashi fura.