Hatimi na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Baibai ya yi yana sassaƙa hatimi a bakin babbar ƙofar kasuwa. Aikinsa ne ya ja masa sunan, don duk abin da zai rubuta a kan roba sai ya juya shi, in an buga a takarda ya fito daidai. Kayan aikinsa ba su cika gwangwani ba: reza, ɗan madubi, gam da guntayen katako. Ƙofar ita ce jarinsa, domin duk mai shiga sai ya gan shi.

Kasuwar tana da wata doka da ta girme shi a wurin. Ba a tashin kowa, ba a taɓa gini, sai takarda ta ɗauki hatimi biyu: na ciyaman, da na jagoran 'yan adawa a cikin kwamitin kasuwa. Duka biyun shi ya sassaƙa. Ciyaman ƙanin matarsa ne. Adawa kuwa tana hannun Mai Atamfa, wadda ko gaisuwa ce sai ta tambayi dalili.

Damina biyu rufin layin hatsi yana yoyo, suna ta musu a kan kafintan da za a ba aikin. Abin ya ishi Baibai.

"Hajiya, ki buga musu mana," ya ce mata wata safiya. "Ko sai dawa ta tsiro a buhu?"

"In ta tsiro ka zo ka nome. Surukinka ya fara gaya mini ko kafintan ɗan waye."

Da zaɓe ya zo, rumfa rumfa Baibai ya bi yana roƙon mutane su zaɓi ɓangaren ciyaman. Ɓangaren ciyaman ya cinye kujeru tara cif, adawa ko ɗaya. Ba mai riƙe hatimi na biyu, sai aka ce ɗaya ya isa. Baibai ya sassaƙa sabo, babba, har da ado a gefe. Cikin wata guda aka rufe layin hatsi, aka share kwata. Ya riƙa yi wa matarsa kuri, yana cewa yanzu aka fara aiki.

Ana nan sai ga takarda: za a faɗaɗa ƙofa, a kwashe duk teburan da ke bakinta kafin mako ya zagayo. Bai ma karanta ta duka ba, hatimin da ke ƙasanta ya tsaya kallo. Ga ɗan gurbin da reza ta zame masa a gefen hagu, ya fito tsaf da shuɗiyar tawada.

Ya sami ciyaman a ofis, fanka tana kaɗa takardu.

"Yaya, wallahi ba ni ba ne, kwamiti ne."

"Kai, waye kwamitin?"

"Mu tara."

"A cikinku wa ya ce a dakata?"

Ciyaman ya sosa ƙeya. "Ai babu wanda ya kawo maganar."

Daga nan ya wuce rumfar Mai Atamfa. Ta saurare shi tana ninke turmi, sannan ta jawo aljihun tebur ta miƙo masa tsohon hatiminta. Robar ta bushe, ta tsattsage.

"Da a da ne, da na ja maganar nan har ku tsufa a ƙofar," ta ce. "Yanzu me zan buga maka? Jikokina ke wasa da shi."

Ranar Litinin ya koma bayan injin niƙa, inda gari ke sauka a kan roba, sai ya hura kafin ya sa reza. Masu zuwa sun ragu da rabi. Bai zagi kowa ba, kuma ƙofar ta yi kyau, shi ma yakan faɗa.

Da wani zaɓen ya matso, matarsa ta tarar da shi a tsakar gida yana liƙa sabuwar roba a jikin tsohon katakon hatimin Mai Atamfa.

"Malam, ƙanin nawa za ka kayar?"

"A'a, shi zan zaɓa. Ita ma ita zan zaɓa."

"To ai faɗa za su koma."

"Su koma," ya ce, ya kara robar a madubi yana duba harafin farko.