Fassarar da Na Yi wa Mai Takalma

Ni na fara sanin faifan nan, tun kafin kasuwar takalma ta Zhanxi ta san da shi. A kwandon mai tallan faya-fayai na tsinto shi, tsohon faifai ne na wata mawaƙiyar Faransa, hotonta har ya koɗe. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta da Sinanci in sun zo sarin takalma.

Akwai wata dattijuwa mai shago a hawa na biyu da ta ɗauke ni kamar ɗanta. Kowa ya nemi ragi sai ta ce masa "mei yo", wato babu, ni kuwa ta jawo mini kujera ta zuba shayi. Na kai mata faifan, ta saka, ta tambaye ni me matar take cewa. Ni da Faransanci, ko zo in kashe ka ban sani ba. Amma na san ɗanta yana aiki a nesa, ya daɗe bai leƙo gida ba. Sai na ce uwa ce take jiran ɗanta a tashar jirgin ƙasa. Tun ranar ba ta yarda in wuce ban zauna ba.

Kafin shekara ta zagayo mawaƙiyar ta cika gari. Tasi ita, wayoyi ita, masu dakon kwali suna busa ta da baki. Haushi ya ishe ni, kamar an shiga ɗakina ba sallama.

Ana cikin haka wani Badamagare ɗan ajinmu ya raka ni shagon. Waƙar na tashi ya kama rerawa, kalma da kalma. Dattijuwar ta ajiye buta, ta matso tana kallon bakinsa.

"Kana jin yarenta?" ta tambaye shi da Sinanci. "Gaya mini wurin da jirgin yake isowa."

Ya dube ni, ya ce da Hausa, "Kai Bakano, wane jirgi? Yarinya ce saurayinta ya gudu ya bar ta."

"Rufa mini asiri," na ce.

Ya rufa. Ya nuna mata baitin ƙarshe, ya ce a nan ɗan yake saukowa, har da tsarabar da ya riƙo wa uwar, abin da ni ban taɓa tunanin ƙarawa ba. Ta share ido, ta ce ya sake rera wurin. Ya sake, sau uku, ina tsaye riƙe da takalman mutane.

A hanyar komawa yana ta yi mini dariya, yana jiran godiya. Ban yi ba. Da ya tona ni, da kunya kawai zan sha in huta. Ƙaryar tawa ce, amma a bakinsa ta fi daɗi, kuma ita ma ta ji hakan.