Fiyus Ɗin da Ba Ya Ƙonewa

Perpetual, mai sayar da kayan wuta a kasuwar Utako, tana kallon mutumin da ya dire amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, a bakin shagonta kamar ya kawo mara lafiya asibiti. Kwat ɗinsa sai sheƙi yake, takalminsa kuwa ya ƙoshi da jar ƙasa. Ta san irinsu: makaɗin coci ne, gobe Lahadi, kuma fasto bai san akwatin ya mutu ba.

Ya jona a soket ɗinta, shiru. Ya zaro tsohon fiyus daga aljihu, an naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli. Ba ta tambayi inda ɗan coci ya samo ta ba.

"Madam, ba ni babba, wanda ba ya ƙonewa."

"Shi ke barin akwati ya ƙone," in ji ta, tana miƙa masa sabo daidai da tsohon.

Ya rufe ido ya kwararo addu'a, sannan ya nufi ramin fiyus da yatsa, alhali wayar akwatin na jone da wuta. Ta fizge filogin.

"Amin, oga. Amma gobe makaɗi suke jira a coci, ba gawa ba."