Yadda Bawa Ya Yi Ƙiba a Watan Azumi

Da na dawo Jidda daga karatu aka ce mini akwai wani ɗan dako mai suna Bawa a unguwar Ammariyya da ya san tangaran ɗin Sin, sai na yi shakka. Mutumin da ko sunansa da yatsa yake dangwalawa, ina shi ina rubutun Sinawa?

Bawa ya kwashe shekara ashirin yana ɗaukar kayan attajiran Balad, tsohon garin Jidda, masu ƙaura zuwa sababbin gidaje. Tsofaffin farantai farare masu zanen shuɗi, waɗanda matan gida suka raina, su ake ba shi, shi kuwa ya rungumo su kamar jarirai. Kafin ya dubi fuskar faranti sai ya kifa shi ya dubi hatimin da ke gindi. Kowane hatimi ya raɗa masa suna: wannan Tsani, wancan Sawun Kaza. Wanda ya fi so shi ne Mai Zobe Biyu, faranti mai zanen kifi, mai rubutu shida cikin da'ira biyu.

A azumin 1968 matarsa Mastura ta zuba ƙosai a farantin nan ta aika wa maƙwabta, kamar yadda ake yi kafin shan ruwa. Aka mayar mata da sambusa a wani farantin mai kifi, irin na kasuwa da ke kowane gida.

Bawa ya kifa shi, ya ga gindi fari fat.

"Mastura, ina Mai Zobe Biyu?"

"Ga kifinka nan, Malam. Ko ya rame ne?"

"Wannan ba shi ba ne!"

"To yalla, je ka ce wa matan mutane su kifa maka kwanukansu."

Ta san ba zai iya ba. Namiji ba ya shiga madafar maƙwabta, kuma neman kwano bayan an aika da abinci abin kunya ne. Farantin kuwa ya riga ya shiga yawo gida-gida.

Sai Bawa, wanda bai taɓa shan ruwa a waje ba, ya fara amsa kowace gayyata. In an kawo faranti mai kifi sai ya ja shi gabansa, ya cinye tas, ya ɗaga shi kamar mai yaba zane, ya saci kallon gindi. Husaini tela ya ce, "Ya ammi, kawuna, azumi kake yi ko kiwo?" Kafin goman ƙarshe sai da aka buɗa masa wando.

Ran ashirin da uku, a gidan Othman direba, ya share tulin wake ya ɗaga faranti, sai ga zobe biyu. Ya ajiye shi a hankali. Daga ranar ya sa Mastura ta riƙa aika kunu gidan Othman kullum, ko za a mayar mata da wani abu a farantin, tana yi tana mita, har ana jajibirin salla farantin ya dawo ɗauke da dabino, bakinsa ya ɗan ɓantare.

Da ya nuna mini shi, na tambaye shi ko ya san abin da rubutun yake cewa.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, ɗana. Amma tambaye ni gindin kowane faranti a lungun nan, da wadda ta fi iya sambusa."