Injiniya Mai Lasar Yashi

Duk wanda ya san Yaya Garba ya san ba a sauke masa tifar yashi sai ya ɗanɗana. Da harshe fa! Zai tattare babbar riga ya haye motar, ya damƙo yashi ya lasa, ya tsaya yana taunawa kamar mai tayin gishiri a kasuwar Mafara. In ya tofar ya ce “Laka,” to sai direba ya juya, ko da daga Bakura ya taso. Wani direba ya taɓa harzuƙa, ya ce shi bai taɓa ganin injiniya mai cin ƙasa ba. Yaya ya ce, “Gara ni in ci ta yau da ta ci mutane gobe.”

Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kowa ya zama masoyinsa tun da ya kwanta dama. Kuna ina lokacin da ake ce masa taɓaɓɓe?

Shi ba ya korar ma'aikaci, amma horonsa ya fi kora. Leburori biyu suka dambace a wurin aiki, sai ya ba su kwanon sarki guda, ya ce tare za su riƙa ɗaukar kankare, kowa da gefensa. Kafin la'asar sun manta da faɗansu, sun haɗa baki suna zaginsa. Aka kai masa tsegumi. Ya ce, “Madalla! Ai haɗin kan nika nema.”

Abin da ya cinye shi kwalbatin hanyar Janbako ne, inda ruwa ke yanke mutane daga kasuwa duk damina, albasa ta ruɓe a buhu, mara lafiya ya kwana a gaɓa. Aka ɗora shi kan aikin, ga siminti ga rodi, Yaya ya ce ba wanda zai haƙa ko rami sai ruwan farko ya sauka. Ranar da ya sauka, muka ga mutum da furfurarsa ya naɗe wando yana bin ruwa cikin gonaki kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Can bayan wata tsamiya ya kafa turke, ya ce nan ruwa ke so.

Babban mutumin da ya kawo aikin ya zo da jerin motoci. Shi a bakin hanya yake so, inda za a ga allo da sunansa. Aka lallashi Yaya, aka tuna masa da iyali. Ya duƙa ya gai da mutumin har ƙasa, sannan ya ce, “Ranka shi daɗe, ruwa bai iya karatu ba. Ba ya biyar allo.”

Ya gina nasa a bayan tsamiya, kankare na bushewa aka sallame shi. Aka kawo wani ya gina na biyu a bakin hanya, aka shafa fenti, aka yi kiɗa aka yanka ƙyalle. Ko gayyatarsa ba a yi ba. Bai sake samun aiki ba, ya koma noman albasa a Bakolori, masu gaishe shi da “Injiniya” suka koma kau da kai. Wallahi har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Wancan kwalbatin mai allo kuwa, ku je ku gani, tsakiyar damina awaki ke kwana a ƙarƙashinsa, don nan ne kaɗai busasshen wuri.

A watan Agusta ya rasu, a ƙauyenmu, ana tsuga ruwa. Maƙabarta tana ƙetaren ruwan nan na hanyar Janbako. Muka ɗauki makara muka bi ta bayan tsamiya, ruwa na ruri a ƙarƙashinmu, kwalbatin ko gezau. Har da waɗanda suka ce masa taɓaɓɓe a cikin masu ɗauka.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Yadda ka ƙetarar da mu lafiya, Allah ya ƙetarar da kai Siraɗi.