Mutumin da Ke Rage wa Taya Iska

Ina cikin goge wata ƙofa a shagona, ƙurar katako har a gira, sai wayata ta yi ƙara a aljihun rigar da na rataye. Ƙanin matar abokina Mai Faci ne. Ya ce Mai Faci ya yanke jiki ya faɗi a gaban injin ba da iska, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na ce masa to, na gode, kamar wanda aka gaya wa an kawo katako. Sai da na zauna a benci jikina ya gane abin da kunnena ya ji. Kuma ina jin kunyar faɗa, amma abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: ga damina ta ƙarato, wa zai rage mana iska?

Wanda bai san mu ba zai ce na zautu, don haka bari in yi bayani.

Mu ƙungiya ce ta 'yan sa kai, motoci biyar, duk tsofaffi masu ja da taya huɗu. Inda motar asibiti ta tsaya ta ce nan ne iyakarta, daga nan muke farawa: yashi, taɓo, hanyar da ruwa ya cinye, mutumin da ya shiga daji bai dawo ba. Shugabarmu tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, muna ce mata Nas. Dogo ne babban direbanmu. Ni kafinta ne, aikina shimfiɗa katako a ƙarƙashin taya idan ta kafe. Shi kuwa Mai Faci, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗura wa tayoyin mutane iska a bakin titi, a wajenmu aikinsa fitar da ita. Taya mai tauri nutsewa take a yashi. Idan aka sassauta mata sai ta baje, ta taka a hankali ta wuce. Amma in an zarce, ta zame daga ƙarfenta, an shiga uku.

Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, faratansa ba su taɓa rabuwa da baƙi ba. Ba ya amfani da abin auna iska. Nas ta saya masa sabo fil, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ɗaure shi a madubin mota yana lilo. Idan mun iso bakin yashi sai ya sauko, ya tsuguna, ya danna bakin iskar da kan ƙusa, ya rufe ido. Iska na fita, leɓensa na motsi. Can sai ya ɗaga ƙusar ya koma taya ta gaba.

Shekara goma sha ɗaya ina kallon leɓen nan, ina son in san abin da yake faɗa. Nas ta ce addu'a ce, a ƙyale bawan Allah. Dogo ya ce tayar yake lallashi, wai da matarsa yake yi wa irin wannan magana da tuni ta daina yi masa faɗa a kan man inji a zanin gado. Ni na taɓa tsugunawa kusa da shi kamar ina gyara takalmi, ya buɗe ido ɗaya ya ce mini, abokina, takalmin naka ba shi da igiya.

Sau ɗaya tak na ga hannunsa ya kuskure. Mun ɗauko wani dattijo manomi da maciji ya sara, muna tsallake busasshen rafi, Dogo ya karya kwana, sai tayar baya ta zame. Rabin awa muka ɓata kafin mu sauya ta, Nas na riƙe da hannun dattijon tana duba agogo. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma Mai Faci ya yi kwana biyu bai yi wa kowa wasa ba. Abin ya ɗaure mini kai, domin a satin ne aka haifa masa 'yarsa ta shida, lokacin da ya kamata a ce bakinsa ba ya rufuwa. Na ɗauka rashin barci ne. Ban tambaya ba.

Kwana goma kafin rasuwarsa na kai masa kekena ya yi mini faci. Na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya yana dafe kai, ya ce ba komai, rana ce. Ban san abin da ya sa ba, ranar na kasa haƙuri. Na ce masa idan wata rana ba ya nan muka iso bakin yashi, sai mu tsaya muna kallon juna? Ya yi dariya har da tari, ya tsoma tayar a baho yana neman huji, sannan ya gaya mini.

Sunayen 'ya'yansa ne. Daga babba zuwa ƙarama. Taɓo zagaye biyu, yashi zagaye uku. Da su yake auna lokacin. Ranar dattijon nan kuwa, jaririyar ya saka a layi, suna ɗaya ya ƙaru a kowane zagaye, iska ta fita fiye da kima.

Na ce to me ya hana ya bar su biyar yadda ya saba?

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wacce zan cire? Tun daga ranar, sauri kawai na ƙara."

Ya sa na faɗe su, na faɗa. Ya ce ina ja kamar mai kiran awaki, in sake. Na sake har sau huɗu kafin ya gyaɗa kai.

"Ka riƙe su ke nan?"

"Na riƙe."

"Duka shidan fa, kafinta. Kada ka tsallake ko ɗaya."

"Ba zan tsallake ba, abokina."