Tururuwa Ta Riga Ni

Tun kafin likitoci su iso, mai lambun asibiti ya ja tiyo ya jiƙa shukokin bayan ɗakin masu shanyewar jiki. Sai ya goge hannu a wando, ya zaro littafin waƙoƙi daga ledar burodi, ya zauna a bencin da ake jera marasa lafiya su sha hantsi. Baiti ɗaya yake karantawa, ya rufe, ya ce, "To, a nemo mini shi a lambun nan." Shekara talatin yana haka, ba wanda ya sa shi.

Ban yi karatu ba. 'Yata ke rubuta wannan, na kuma ce kada ta gyara mini baki. Haushin mai lambun nake ji. Wata huɗu mijina na kwance a ɗakin nan, bai ce uffan ba. Ni ke juya shi, ni ke goge masa yawu. Ran nan mai lambu ya karanta baiti a kan mai ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa. Maigida ya ƙura wa ƙasa ido, ya ce, "Tururuwa." Ga ta kuwa tana jan ganye. A kunnen nas biyu aka yi.

Shekara arba'in da aure, amma tururuwa ta riga ni!

Na ce, "Malam, me ka ba shi?"

Ya ce, "Inna, ke kika riƙe shi. Ni ƙasa kawai na nuna masa."

"Kullum nake taka ƙasar nan, ban ga komai ba sai datti."

"Ba a karanta miki ba ne. Zauna."

Ban zauna ba. Zuciya ta hana.

Malam, kai ne ka buɗe bakin da magani ya gaza, kai ne ka nuna mini makanta da ido biyu. Na gode, ko da abin na ci mini rai.

Ƙarshen wata mai lambun zai ajiye aiki. Ko sannu ba a shirya masa ba, sai awon lambun da aka yi za a zuba siminti, motoci su samu wurin tsayawa. Masu asibiti, wace mota ta taɓa sa mara lafiya magana? Ku bar lambun, ku kawo mai karatu. Duk wanda ya iya baƙi, ya karanta wa wani ko baiti ɗaya.

Malam, gobe ka zo da ledar burodin, zan zauna. Bari mai siminti ya tarar da ni a bencin.